Koriyar Ƙofar Norman Tuckwell

Norman Tuckwell ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a kudancin Landan, ba fasinjan da ya taɓa fin sa baki, amma a gida ko sau ɗaya bai ci gardama ba. Shekarar da ƙaramar hukuma ta sayar musu da sashen da suke haya a ƙasan benenmu, shi da matarsa Beryl suka yi abin da kowa ke yi a lokacin. Suka cire ƙofar hukuma suka sa tasu, don mai wucewa ya san nan ba 'yan haya ba ne. Norman ya ce ja za a shafa mata. Beryl ta ce ja ya ishe ta, bas ɗinsa ja, hancinsa ma ja duk Asabar in ya dawo daga mashaya. Ya sayo jan fenti ya tafi aiki, ya dawo ya tarar da ƙofa koriya shar, Beryl na zaune a bakinta da kofin shayi.

"Taɓa ka gani, tsoho," in ji ta. "Bai bushe ba, ni ma ban huce ba."

Bai taɓa ba.

Beryl ce mai buɗe wasiƙu a gidan. Da ta rasu, sai Norman ya riƙa cusa duk ambulan ɗin hukuma a bayan agogon falo, kamar za ta dawo ta duba. Cikinsu akwai wadda ta sanar da babban gyaran bene, ta ba masu gida kwana talatin su faɗi ƙorafinsu. Ta shekara biyu a nan tana shan ƙura. Wadda ya buɗe daga ƙarshe ita ce ta kuɗi: rabonsa fam dubu talatin da takwas, na sabon rufi, da na'urar hawa bene, da ƙofofin da wuta ba ta ci da wuri. Shi kuwa Norman a ƙasa yake, bai taɓa shiga na'urar nan ba sai ran da ya hau yi wa wani gaisuwar mutuwa.

Ya je ofishin hukuma da faɗansa na direba. Wata jami'a da ba ta kai 'yarsa shekaru ba, tana kiran sunansa gatsal, ta buɗe masa takardar da ya sa wa hannu tun yana da gashi. Ashe ba gida ya saya ba, haya ce ta shekara ɗari da ashirin da biyar. Bango da rufi da ƙofar waje duk na hukuma ne, gyaransu kuwa a wuyansa. Nasa shi ne zama a ciki, sai fenti.

Ya kai ƙara kotun gidaje, sanye da kwat ɗin da ya sa ran jana'izar Beryl, takardunsa cikin ledar kanti. Alƙaliya ta tambaye shi me ya hana shi magana cikin kwana talatin ɗin. Ya kalli hularsa, ya ce matarsa ce ke buɗe wasiƙa. Aka rage masa fam dubu biyu. Sauran aka ɗora wa gidan bashi da ruwa, za a cire daga kuɗin gidan ran da ya mutu, aka kuma ce masa sassauci ne. Gidan nan kuwa shi kaɗai ya yi niyyar bar wa 'yarsa Gillian. Har yau bai gaya mata ba. Ya daina kunna na'urar ɗumama ɗaki, kwat ɗin ta fara yi masa yawa.

Koriyar ƙofar tana nan jingine a falonsa yanzu, ta tare rabin taga. Ran da ma'aikata suka cire ta, shugabansu ya ce bola za ta, kayan hukuma ce, doka ba ta ba shi ikon bar wa kowa ba. Norman ya riƙe gefe ɗaya, mutumin ya riƙe ɗaya, muna leƙe daga sama. Mutumin ya ce in kaka yana musu ya je ya karanta takardarsa.

"Na karanta, ɗana, fam dubu talatin da shida ta ci mini," in ji Norman. "Katakon naku ne, fentin na matata ne. Kankare mini shi tas ka zuba a leda, sai ka ɗauki kayanka."