Zoben Cikin Gwangwanin Madara

Silas Yamusa manomin doya ne a bayan Ushafa, amma da Maris ya kama sai ya jingine fartanya ya koma tuƙa kwalekwale. Shi ke kai Dakta Kauthar, mai binciken tsuntsaye, wani ɗan tsibiri a tsakiyar dam ɗin da ke kusa da garin. A can suke kafa raga su kama tsattsewa masu shirin komawa Turai, su auna fiffike, su maƙala musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, su sake su. Hannun Silas kamar katako yake, amma a wurin aikin bai taɓa karya wa tsuntsu ko gashi ɗaya ba. Yana son aikin nan ƙwarai, har matarsa Alice kan ce da tsuntsaye na da coci, da shi ne dattijonsu.

Abu ɗaya ke damunsa. Tun kafin ya san Dakta, ya taɓa kama tsattsewa da danƙo, yadda babansa ya koya masa. Alice na figewa ta ga zobe a ƙafarta. Nan take suka ce sammu ne aka aiko musu. Suka yi azumin kwana uku, Silas ya rufe zoben a gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin rumbu. Naman kam an cinye, tsoro bai kai can ba.

Ranar da ya fara ganin zobban Dakta, kunya ta kama shi. Shekara huɗu ya yi shiru, yana gudun kada ta ji ya ci tsuntsun bincike ta nemi wani matuƙin.

Bana dai ya gaji da ɓoyo. Suna sauka a tsibirin ya miƙa wa Dakta gwangwanin, kansa a ƙasa.

Ta karanta lambar, ta sake karantawa. "Malam Silas, wannan daga Italiya yake! Ina tsuntsuwar?"

"Oga madam, ya shiga miya tun tuni."

Ta yi dariya har ta zauna a kan dutse. Sannan ta buɗe littafin aiki, ta tambaye shi shekara da wurin da ya kama tsuntsuwar, ta rubuta sunansa a layin wanda ya gano.

Silas ya leƙa ya ga sunan da idonsa. Ya share hawaye da bayan hannu, ya ce, "To, a sa na Alice ma. Ita ya fara gani."