Muzammil da Jan Babur Ɗan Italiya

Ranar Talata, tara ga Maris na shekarar 2021, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Muzammil ɗan Ibrahim Khalil ya fara ɗora ido a kan babur ɗin. Ya tsallako kogi daga Umdurman zuwa Suk al-Shabi neman kayan gyaran raksha, wato keke mai ƙafa uku, sana'arsa tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. A bayan wani shago ya ga abu lulluɓe da tamfol, ya ɗaga gefe. Ja ne wur, ƙirar Italiya, silinda biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Na wani injiniya ne Bature da ya koma ƙasarsu ya bar shi ba ya tashi. Kafin la'asar Muzammil ya ba da rakshar da ya mallaka guda ɗaya tal, aka ɗora masa babur a mota zuwa gida.

Kakansa Bakatsine ne da ya taho aikin hajji a ƙafa, a hanyar dawowa ya yada zango a Umdurman, bai ƙara gaba ba. Gidan nasu a Umbadda ɗaki uku ne, Muzammil ya ware wa babur ɗaya. Wata bakwai ya yi yana kwance shi yana ɗaurawa kafin ya tashi. Ya koyi cewa bel biyu ne ke juya bawul, idan ɗaya ya tsinke inji ya gama yawo. Ya koyi auna taurin bel da ɗan yatsa, da saurarar silinda biyun har su yi numfashi tare. Ba shi da na'urar gwaji. Kunnensa ne na'urarsa: sai ya tayar da inji, ya dafa bakin sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Kulocin babur ɗin kuwa ƙara gare shi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ana jin sa daga layi na uku. Matarsa Wafa ta sa masa suna Hawaja, wato Bature, don ta ce ba ya cin abin da kowa ke ci.

Wafa ta haihu ranar sha ɗaya ga Afrilu na 2023, mace, ta tafi jego gidan mahaifiyarta a Mayo, can kudancin Khartum. Kwana huɗu bayan haka yaƙi ya ɓarke. Masu bindiga suka kafa shinge a bakin layin su Muzammil, suna karɓe duk abin da ke da taya. Ya cire wa babur ƙafafu, ya kwantar da shi, ya kifa gado a kansa, ya jibga tsummokara.

Ranar Litinin, ɗaya ga Mayu, waya ta shiga bayan kwana uku babu layi. Surukarsa ce.

"Muzammil, zazzaɓin Wafa ya ƙi sauka. Jiya ba ta gane ni ba. Unguwarzoma ta ce sai allura, nan kuwa babu kantin magani ko ɗaya a buɗe."

"Hajja, faɗa mini sunan allurar, a hankali."

Ya rubuta a bayan hannunsa. Layi ya ɗauke kafin ya tambayi jaririya.

Allurar ya samo a ranar, kwalba shida, wajen wani mai kantin magani da ke sayarwa ta taga. Saura hanya. Babu bas, babu raksha mai yarda ta hau gada. Fetur kuwa, kawunsa Jibrin, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya tsufa yana tuƙin raksha, shi ya miƙo masa jarka ta kan katanga.

"Lita biyar ne. Na ɓoye su ne don ranar da zan gudu, to ga shi gwiwa ta ce ba inda za ni."

Ranar Talata da safe Muzammil ya mayar da tayoyi, ya duba bel, ya juye fetur a tanki. Sai ya zauna. Ba dama ya tayar da inji masu shinge su ji. Dole ya jira abin da zai rufe ƙarar, abin nan kuwa ɗaya ne: jirgin yaƙi ya zo, a yi ta harbinsa daga ƙasa. Duk unguwar ana addu'ar kada jirgi ya zo, shi kaɗai yana zaune a ƙasa, yatsa a kan maɓalli, yana jiransa, yana jin kunyar kansa.

Jirgin ya zo kusan azahar. Bango ya ɗauki rawa, ƙasa na zubowa daga rufi. Muzammil ya danna. Inji ya kama, ya yi tari, hayaƙi shuɗi ya cika ɗakin, silindar kwance ta yi shiru, ta tsaye ta bi ta. Ya sake dannawa, batir ya yi nishi. Ya ɗauke hannu. Kwana goma babu wuta, ya san abin da ya rage a batir ɗin bai wuce dannawa biyu ba.

Ya cire fulogi. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da man inji. A saninsa abu ɗaya ke kawo haka: zoben fistin ya cinye, mai yana haurowa. Wannan kuwa gyara ne da ba shi da kayansa a duk faɗin Sudan. Ya sa giya, ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, ya juya tayar baya da ƙafa. Iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya gwada ɗayan, haka. To zobe lafiya. Ya duba man inji, bai ragu ba ko kaɗan. Ya zauna ya zuba wa babur ido, karon farko da yake neman ciwonsa ba tare da ya ji muryarsa ba, sunan allurar nan yana nan a bayan hannunsa, gumi ya fara wanke shi.

Takalma suka tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu, suna magana da Larabci, ɗaya yana cewa ya ji warin hayaƙin inji. Muzammil ya kwanta rub da ciki a gefen babur, ya danne bakinsa da hannu. Aka buga ƙofa sau uku da gindin bindiga. Sai muryar Kawu Jibrin daga nasa gidan, yana tari yana cewa shi ne ke ƙona shara, masu wancan gidan sun tafi Madani tun sallah. Takalman suka daɗe kafin su wuce.

Yana kwance a nan ne idonsa ya kai kan ɗigon fetur da ya zuba a kan kwali tun safe. Fetur ya bushe, amma ya bar zagayen maiƙo. Ya ɗiga wani a farin faranti, ya hura. Ya shafa yatsa: santsi.

Ya leƙa ta katanga, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kawu, me ka zuba a jarkar nan?"

"Fetur mana."

"Da me?"

"Da mai. Gwangwanin tumatir biyu. Da ɗaya nake sawa, sai na ce wannan tafiyar mai nisa ce, bari in ƙara wa Hawaja."

"Kawu! Wannan ba raksha ba ce, man sa daban yake sha!"

"Ya zol, kai ɗan nan, shekara talatin ban taɓa ajiye fetur tsura ba. Inji ya sha fetur ba mai, ai sai ya ƙone." Tsohon ya dubi fuskar ɗan 'yar'uwarsa. "Na kashe shi ke nan?"

"Ba ka kashe shi ba. Amma ka ci mini yini guda."

Tsohuwar raksha irin ta Kawu Jibrin da gauraye take tafiya, duk direban da ya san aikinsa yana samun fetur yake haɗawa. In fetur da mai suka haɗu, ba a raba su kuma. Muzammil ya zuƙe tankin tas da tiyo, ya mayar wa kawunsa kayansa. Ya gasa fulogi biyun a garwashin da ake dafa kofi har maiƙon ya ƙone, ya kankare su da burushi. Ranar Laraba Kawu Jibrin ya ɗingisa zuwa masallaci, ya dawo da lita huɗu na fetur ɗin janareta, liman Malam Ubaidullahi ya ce a yi ta kiran salla da baki. Sai da Muzammil ya gwada a faranti kafin ya zuba. Waya ba ta sake shiga ba.

Bai gwada inji ba, don batir ba zai ba shi ba. Alhamis da hantsi ya ɗaure kwalaben a ƙwaurinsa cikin safa, ya fitar da babur ta ƙofar baya, ya tura shi lungu-lungu har ya yi nisa da shinge. A gindin wata katanga ya yi bisimilla, ya danna. Nishi. Ya danna na biyu, ya kama, silinda biyun tare.

An tsayar da shi a bakin gada, ya nuna takardar haihuwar 'yarsa, aka bar shi. Shinge na biyu suna cin abinci, suka ɗaga masa hannu. A na uku, bayan ya wuce Suk al-Shabi, wani matashi mai rawani ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya shafa tankin, ya ɗora wa Muzammil bakin bindiga a ƙirji ya ce ya sauka. Ya sauka. Aka lalube aljihunsa, aka ɗauke waya, aka riƙe babur, ba a taɓa ƙafarsa ba. Sauran tafiyar a ƙasa ya yi ta, awa biyu da rabi, kwalabe na gugar fatarsa, ya isa Mayo bayan azahar. An yi wa Wafa allurar farko kafin ya sha ruwa.

Zazzaɓin ya sauka a kwana na uku. A watan Yuni suka fita daga Khartum a bayan babbar mota, su huɗu har da surukarsa. Kawu Jibrin ya rasu a gidansa na Umbadda cikin watan Nuwamba na wannan shekarar, ciwon suga, maƙwabta suka binne shi. Muzammil yana Gadarif yanzu, yana gyaran injin ban ruwa a wata rumfa kusa da tasha. Yarinyar, Basma, tana tafiya har tana gudu. Bai koma Umdurman ba tukuna.