Ƙofar da Marlys Ta Buɗe Mini

Marlys Tveit 'yar wani ƙauye ce a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, inda mutum zai shekara bai nemi makullin gidansa ba. Sai abincinta ya kawo ta birnin Seattle, kamfaninmu na inshorar lafiya, aikinta kuma hana manhajoji yarda da juna. Dokar gidan ita ce, ko a kwamfuta ɗaya manhajoji biyu suke zaune, wannan ba za ta amsa wa waccan ba sai ta nuna takardar shaida, kuma kullum sai an sabunta takardar. Shekara goma sha ɗaya Marlys ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. A wurin taro saƙar hular sanyi take yi, ta ce maka a'a ko kai ba ta ɗago ba.

Ni kuwa ni ne mai wa'azin. Ni nake tsayawa gaban sababbin ma'aikata ina buga tebur: "Kada ku yarda da kowa!" Har riga na sa aka buga mini da wannan rubutun.

Saura kwana biyu in nuna wa manya sabuwar manhajata, ina hangen ƙarin girma, sai ta ƙi aiki da takardar. Na sayi kofi biyu na nufi teburin Marlys.

"Wendell, kofin nan warin roƙo yake yi," in ji ta.

"Haba Marlys, mako ɗaya tak! Ki bar ta ta wuce ba takarda, da hannuna zan rufe. Yau kika san ni?"

"Sanin naka ne matsalar. Kai da ka ari laimata tun bara ba ka dawo da ita ba?"

Na yi ta magiya har ta ajiye saƙar. Ta buɗe wa manhajata ƙofa, ta sa hannu.

Na samu girman, na manta da ƙofa. Wata takwas tana hangame, bayanan marasa lafiya a bayanta, sai masu binciken shekara suka gano. Allah ya rufa asiri ba wanda ya shiga. A taro shugaba ya tambaya wa ya buɗe.

"Ni ce," in ji Marlys, ba ta ko dubi inda nake ba.

Ni mai bakin nan, sai na duƙufa nazarin igiyar takalmina. Har yau in na tuna kunya ce ke kama ni.

Aka ɗauke ta daga kujerar, wata na zagayowa ta ajiye aiki. Manya suka ce yanzu sai a nemo mutum mai tsauri. Ni suka ba kujerar, na karɓa har da godiya.