Kunun Gwaggo a Stains

Yau da safe, cikin sanyin Oktoba na Lyon, ƙamshin madara da kirfa ya taso daga ɗakin maƙwabciyata, sai Gwaggo ta faɗo mini a rai.

Ita ta riƙe ni a Stains lokacin da nake karatu. Kullum da sassafe takan dama mini kunun avoine, hatsin nan na Turawa, ta zuba zuma tana taɓe baki: "Abincin doki ne, amma sha tun da zafinsa."

Wata safiya ɗanta, injiniya, ya zo da takardun kai ta gidan tsofaffi. Ta miƙa masa kwanon kunu, ya ture da yatsa ɗaya, wai zaƙi ya yi yawa.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Hannun da ya wanke maka kashi kake ƙyama? Kwashe takardunka."

Ya kwashe, bai sake taka gidan ba. Ranar jana'izarta kuwa ya zo da baƙin tabarau, kukansa ya fi na kowa. Ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da waɗanda suka fi ɗanki sanin darajarki.