Bangon Gabas na Ishiyaku

A bayan garin Rano, kan hanyar Rurum, akwai wata tsohuwar coci ta ginin ƙasa. Sunanta na takarda Firesbiteriyan, amma wa zai karya harshensa? Kowa cocin 'yan Kalaba yake ce mata, don wani malamin asibiti daga Kalaba ne ya kafa ta tun zamanin Turawa, shi da 'yan kasuwa huɗu da wani Bamaguje manomi da ya karɓi addinin. Ɗan manomin nan shi ne Ɗantala. Ginin bai gama bushewa ba aka yi masa baftisma a ciki.

Ɗantala bai yi boko ba, dawa da gyaɗa ya sani. Amma a wannan coci dattawa ke yanke magana, ba fasto ba, kuma shekara talatin yana cikinsu. Gajere ne, ga taurin kai, kai, in ya kafe sai dai ka gaji ka bar shi.

Tun ranar da aka yi ginin aka raba bangon gida-gida. Kowace shekara bayan bikin Ista, kafin ruwan fari, kowane magidanci zai kwaɓa ƙasarsa ya yaɓe rabonsa. Ba a taɓa rabon wani. In ka ga hannun wani a bangon da ba nasa ba, to ko mai shi ya sallama a gaban dattawa, ko kuwa ya mutu. Har Musulmin unguwar sun san wannan. Bangon gabas, inda ruwa ya fi duka, na gidan Ɗantala ne, kuma ranar da ɗansa guda tilo, Ishiyaku, ya yi aure, ya danƙa masa shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, 'yan kudu suka fara ɗaure kaya. Gaskiya ba wanda ya ɗaga musu yatsa a Rano. Labarin abin da ya faru a Kaduna ne ya kore su. Kowa ya zo ya sallama bangonsa, ya hau mota. Cocin da ake cika har ƙofa ta koma mutum tara, yawancinsu tsofaffi. Ishiyaku, da yake tela ne kuma masu kawo masa ɗinki sun watse, shi ma ya ce zai nemi abinci a Jos.

“Ka sallama bangon mana,” in ji wani dattijo.

“A'a,” in ji Ishiyaku, ya juya ga mahaifinsa. “Baba, kada kowa ya taɓa min. Da Ista ina nan.”

Ya kuwa cika alkawari. Ya zo ya yaɓe, har shatin yatsunsa ya fito a jikin bangon. Watan Satumba na shekarar Jos ta kama da wuta. Bahaushe a baki, Kirista a zuci: a rana irin wannan kowane shinge aka tare shi bai tsira ba. Ɗantala ya je ya yi kwana tara yana bin asibitoci. Bai ga ɗansa ba, bai ga gawa ba. Matar Ishiyaku ta koma gidan iyayenta.

Ista ta zo. Ɗantala ya yaɓe bangon kudu da na yamma da aka sallama, ya bar na gabas. Wata Istar ma haka. Ruwa ya ci bangon har tubali ya fito, tsaga ta sauko daga sama, ana sujada kana hango gonar gero.

Malam Gwadabe, maƙwabcinsa Musulmi, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, ya same shi a gindin bangon.

“Haba Ɗantala! Wannan damina ba zai kai ba. Ni ba ɗan cocinku ba ne, dokarku ba ta hau kaina ba. Bari in yaɓe maka.”

“Hannu hannu ne, Gwadabe. Mai shi yana zuwa.”

Tausayi ya hana Gwadabe musu.

A shekara ta uku ruwan fari ya zo da iska ranar Asabar. Washegari da Ɗantala ya buɗe coci, sai ga gutsuren bango a kan bencin da tsofaffin mata uku ke zama, ya raba shi biyu. Da a ce ranar Lahadi aka yi ruwan fa? Ya daɗe a tsaye. Ranar bai iya jan waƙa ba.

Litinin da hantsi ya ɗebo ƙasa, ya zuba ruwa, ya tattaka shi kaɗai. Bai kira kowa ba. Ya fara daga ƙasa yana hawa, da ya iso inda sauran shatin yatsun Ishiyaku yake, ya tsaya, ya ɗora nasa hannun a kai, sannan ya shafe.

Gwadabe ne ya fara gani, yana dawowa daga gona. Ya ajiye fartanya, ya je gida ya sako riga da hula, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidan Ɗantala. Kafin la'asar unguwa ta taru, Musulmi da Kirista.

Ɗantala ya iso, laka har gwiwar hannu. Gwadabe ya durƙusa a gabansa.

“Ɗantala, ya haƙuri?”

Shekara uku ba wanda ya isa ya yi masa wannan gaisuwa. Ya dubi hannuwansa.

“Haƙuri sai ma'aiki,” ya so ya ce, yadda ya ji maƙwabta na amsawa tun yana yaro. Bakin ya ƙi. Sai ya zauna a tabarmar, ya fashe da kuka.