Balan-balan a Shagon Mai Aski

Ni ban taɓa yarda da mutumin da ba ya faɗa ba, Mai Aski kuwa bai iya faɗa ba. Bango ɗaya ya raba shagunanmu, ina sayar da kayan masarufi, shi yana aske kawunan unguwa tun muna da baƙin gashi. Da aka haƙa kwata a ƙofarmu aka bar ta buɗe, mu muka yi ta zarya ofis muna kumfar baki, shi kuwa katako ya samo ya gitta. Da wuta ta fara yi mana wasa, ya ajiye inji ya koma almakashi da reza. Kullum ina cewa a raina, wannan sanyin nasa ba banza ba.

To, bara sai ya fara sayen balan-balan a wurina. Dattijo guda, jikokinsa ma suna wani gari.

Na ce, "Yaya, biki za a yi ne ba a gaya mana ba?"

Ya ce, "Ba ni jajayen dai, sun fi ƙwari."

Na miƙa masa, ya karɓa da hannun hagu. Ni! Ko ya ce in yi haƙuri. Abin ya ci min rai ƙwarai.

Daga ranar na sa masa ido. Ya daina ba mutane hannu, hannunsa na dama kullum yana cikin aljihu. Ya ja kujerar aski zuwa ɗaya kusurwar, ya sauya wa madubi wuri. Duk wanda ya zo gyaran gemu sai ya ce reza ba kaifi, mutum ya tsallaka titi zuwa sabon shagon samari, kuma ba ya dawowa. Shago yana mutuwa a kan idonsa, ko a jikinsa. Da sassafe kuma sai ya kulle kansa ciki, in ji ana hura abu, a yi shiru, can sai fau!

Na ce wa matata, ko dai asiri yake haɗa wa samarin can, ko kansa ya taɓu.

Ta ce, "Malam, kai dai ka sayar da sabulunka."

Ina zan iya? Wata safiya na lallaɓa na leƙa ta gefen labulen tagarsa. Ga jan balan-balan ɗaure a kan kujera, daidai inda kan mutum yake zama, an shafe shi da kumfa. Mai Aski na tsaye da reza a hannun hagu, yana jan ta a hankali. Hannun dama kuwa ya matse shi a hammata, amma duk da haka rawa yake yi. Muka haɗa ido ta madubi.

Ya ce, "Shigo mana, maƙwabci. Laɓen ya isa haka."

Na shiga ina kame-kame. Ya zaro hannun ya nuna min, yatsun suna ta karkarwa.

"Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Na matse shi, na ɗaure shi, har zaginsa na yi, ƙara rawa yake. Sai na ce to, ya huta, ɗan'uwansa ya karɓi aikin." Ya goge rezar. "Kwanan nan ko ɗaya bai fashe ba. Saura fatar mutum, ban dai san wanda zan roƙa ba."

Ya kwance balan-balan ɗin, ya kakkaɓe mayafin aski, ya tsaya bai dube ni ba. Ni kuwa kwandon shara na duba, cike da jajayen tsummokin waɗanda suka fashe. Tsoro ya kama ni, tausayinsa ma ya kama ni. Na zauna.

Reza ta sauka a maƙogwarona da sanyinta. Ya dafa kafaɗata da hannun dama, ina jin rawarsa har cikin ƙashina.

Ya ce, "Kada ka yi magana. Yau ɗaya dai."

Ko yawu ban haɗiye ba har ya gama. Na matsa jikin madubi ina neman jini, ƙasan haɓa, bayan kunne, na duba na sake dubawa. Babu ko ƙwarzane.

Da zan fita ya mayar da hannunsa na dama aljihu. Na miƙa masa hannun hagu, muka gaisa.