Mai Cire Hula a Bakin Ƙofa

Shekara arba'in da ɗaya Lyle Dombrowski yana fitowa a fim a Burbank, amma ko maƙwabcinsa bai riƙe sunansa ba. Fuskar dai kowa ya san ta. Shi ne ɗan sandan nan da yake ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula ya dafe ta a ƙirji, ya ce wa matar gida sai haƙuri, mijinta ya rasu. A wani fim ɗin ya fito soja, a wani limamin coci, amma saƙon ɗaya ne. Minti biyu a talabijin, a sallame shi.

Shi fa barkwanci ya baro Ohio ya zo yi. Wani darakta ne ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai, wannan fuska taka ai ta ta'aziyya ce!" Shi ke nan an yi masa tambari. Har yau Lyle bai gane laifin fuskar nan ba. In ya shiga sayen burodi sai ya ga mai kanti ta dafe ƙirji, ita kanta ba ta san dalili ba.

Aikin ne ya raba shi da 'yarsa Noreen. Ranar aurenta yana Arizona yana kai saƙon mutuwar ƙarya. Shekara tara ba ta ɗaga wayarsa ba, abin kuwa yana cin ransa.

Wata Lahadi da hantsi ya yi ta maza ya nufi gidanta a Reseda. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ja baya taku ɗaya. Bai ma san hannunsa ya cire hular ba.

Noreen na buɗewa ta ga hula a ƙirji, cokalin hannunta ya faɗi.

"Baba! Mama ce ta rasu?"

"Wace Mama? Uwarki na nan garau, ko jiya ta zage ni."

"To Gene ne? Hatsari ya yi?"

"Gene kuma? Ba Glenn ne sunan mijin naki ba?"

"Baba, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu!"

"To me ya kawo ka?"

Nan fa Lyle ya dubi hular da ke hannunsa. A fim ya tsaya a bakin ƙofa ya fi sau ɗari biyu, kullum da wanda ya rubuta masa abin faɗa. Yau babu. Tsoro ya kama shi kada ta rufe ƙofar.

"Wallahi ban sani ba, 'yar nan," in ji shi. "Daidai nan ake yanke fim ɗin. Ba a taɓa ce mini in shigo ba."

Noreen ta share ido da bayan hannu.

"Mayar da hular nan kanka, don Allah, kafin maƙwabta su fara zuwa gaisuwa."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Ya sa hular a karkace, ya ɗaga ƙafa ya shiga.